Wace Babbar Manhaja Ta Dace Da Kwamfutocin Kyauta? Yadda Ake Zaɓa Da Yadda Ake Kullewa

A ce kwamfuta goma sha biyar sun iso wata Islamiyya a Anguwan Rogo ta Jos, ko wani ɗakin karatu na matasa a Bukuru, kyauta daga ofishin da ya sabunta kayan aikinsa. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyara, ya zo da filashinsa, ya ɗora musu Windows da ba a san asalinta ba, ya haɗa da Office da aka fasa, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Kafin zango ya ƙare, uku sun kamu da bairos ɗin nan mai mayar da fayilolin filashi gajerun hanyoyi, biyu wani yaro ya sa musu kalmar sirri ya manta, sauran kuma sun cika da wasanni da finafinai. Ba tsufan na'urorin ne ya kashe su ba. An ɗora musu babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfutar gaba ɗayanta, sannan an bar ta a buɗe ga kowa.

Kafin a yi maganar suna, a amsa tambaya uku. Wa zai kula da kwamfutocin bayan wanda ya ɗora ya tafi? Akwai intanet kullum, ko sai ranar da aka sayi data? Kuma a ɗaki ɗaya za su zauna kowa ya yi amfani, ko raba su za a yi kowa ya tafi da tasa gida? Amsoshin nan su ne ke yin zaɓin.

Fara da ƙarfen

Kada a jona kwamfutar tebur da wuta kafin a duba bayanta. Tsofaffin da suka fito daga Amurka da yawa suna da wani ɗan jan makunni kusa da inda wayar wuta ke shiga, an rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Wutarmu 230 ce. In aka jona yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji da warin ƙuna, akwatin wutar ya tafi.

Daga nan sai a yi wa kowace lamba da maka, a buɗe littafi, a rubuta abu huɗu: irin furosesa, yawan RAM, irin faifan ajiya da girmansa, da lafiyar batir in ta cinya ce. Lambar furosesar Intel tana faɗin shekarunta. A i5-3320M, lamba ta farko bayan ɗan layin ita ce zuriya, wato ta uku, ta wajajen 2012. Irinsu ne suka cika kasuwar gwanjo: Dell Latitude E6430, HP EliteBook 8470p, ThinkPad T430, da OptiPlex na tebur. Duk wadda ta kai Core 2 Duo ko sama tana ɗaukar 64-bit. Core Duo marar lamba 2, da Atom N270 na ƙananan kwamfutocin nan, 32-bit kaɗai suke ɗauka, kuma yawancin manhajojin yau sun daina kula su. A ware su gefe.

RAM 4GB shi ne ƙasan abin da za a yi aiki da shi cikin kwanciyar hankali, domin burauza ita ce mai cin RAM, ko wace babbar manhaja aka ɗora. In za a ƙara, a cire na ciki a tafi da shi shago, a Ahmadu Bello Way ko Banex in an shiga Abuja, don DDR2 ba ya shiga ramin DDR3. Akwai kuma DDR3L mai aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5, kuma kwamfutocin cinya na zuriya ta huɗu shi suke so. In aka sa musu DDR3 na yau da kullum, sau da yawa allo baƙi za a gani. In kuɗin gyara kaɗan ne, SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai 120GB ko 128GB ya fi komai sauya saurin tsohuwar na'ura, ya kuma fi jure girgiza.

Ƙaramin abin da ke wahalar da mutane shi ne batirin agogon ciki, CR2032, mai kama da kwabo. In ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana cewa ba su da aminci, saboda takardun shaidar shafukan suna dogara da kwanan wata. Sai a yi ta zargin intanet. A sauya shi a kowace kwamfutar tebur tun farko. Batirin kwamfutar cinya da ya kumbura har ya ɗaga wurin taɓawa kuwa, a cire shi nan take.

A busa ƙura da bulowa, a riƙe fanka da yatsa lokacin busawa. Sanyin Jos yana taimaka wa na'ura, amma ƙurar hunturu tana toshe ramukan iska, sai a maimaita busawar idan hunturu ya wuce.

Sannan a goge faifan gaba ɗaya. Fomatin na gaggawa ba ya share bayanai, sunayensu kawai yake ɓoyewa. Kwamfutar ofis tana iya zuwa da takardun albashi ko bayanan abokan hulɗa, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Ga faifai mai juyawa, manhajar gogewa ShredOS ko nwipe, zagaye ɗaya ya isa. Ga SSD, a yi amfani da Secure Erase, wanda wasu BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga lokacin kunnawa, suke da shi a ciki. Kafin gogewar a duba rahoton lafiyar faifai, SMART, a manhajar Disks ta Linux, babbar manhaja ta kyauta da bayaninta ke tafe: in lambar Reallocated Sectors ko Pending Sectors ta tashi daga sifili tana hawa, faifan ya kama hanyar mutuwa, kada a ɓata lokaci a kansa.

Windows fa?

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ƙarin wa'adi na musamman ga waɗanda suka yi rajistarsa. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin na'ura, da furosesar Intel daga zuriya ta takwas, kuma yawancin kayan kyauta ba su kai nan ba. Ana iya tsallake sharaɗin da dabara, amma ba abin da za a bar wa malamin makaranta ya yi ta fama da shi ba ne.

Duk da haka akwai inda ba makawa. In ana koyar da CorelDRAW don yara su samu aiki a shagunan buga takardu, ba ya aiki a Linux. Yawancin manhajojin gwajin JAMB da ake sayarwa don kwamfuta na Windows ne, haka na'urorin ɗaukar zanen yatsa. Maganin shi ne a ware biyu ko uku mafi sabunta a bar su da Windows mai lasisi, a ba ɗalibai asusu na talaka marar ikon ɗora komai, a sa musu manhaja irin Deep Freeze mai mayar da komai yadda yake duk sanda aka sake kunnawa. Ta kuɗi ce. Sauran kwamfutocin kuma a duba abin da ke tafe.

ChromeOS Flex

Google ta fitar da ita a 2022, kyauta, don tsofaffin kwamfutoci. Tana neman 64-bit, RAM 4GB, faifai 16GB, da filashi mai 8GB don ɗorawa. A wajen kullewa ba ta da na biyu a cikin na kyauta: mai amfani ba ya iya taɓa cikin tsarin, fayil ɗin .exe ba ya buɗewa balle bairos ɗin filashi ya kama, kuma tana sabunta kanta kusan duk mako huɗu. Akwai shigar baƙo, wadda ke share komai da an fita.

Sai dai rayuwarta a kan intanet take. Ba a gama ɗora ta sai da intanet, kuma ba ta da Play Store, don haka manhajojin Android ba sa aiki a kanta, abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun ɗora. Ba ta kula faifan CD ko DVD. Asusun Google na farko da ya shiga shi ne mai gida, shi ke da ikon hana wasu shiga ko rufe shigar baƙo, saboda haka a buɗe asusu na makaranta a fara shiga da shi, kada a bar mai gyara ya shiga da nasa. Sarrafa kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya kuma sai an sayi lasisi na kowace na'ura. Google tana da jerin samfuran da ta gwada, a duba kafin a fara. In wurin yana da intanet tsayayye kuma aikin duka a burauza ne, a ɗauke ta a huta. In data sai an yi karo-karo, a wuce.

Linux Mint, da yadda ake ɗaure ta

Ga yawancin makarantu da ɗakunan karatu na unguwanninmu, Linux Mint nau'in Xfce ita ce zaɓinmu. Fuskarta ta yi kama da Windows 7, maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, don haka wanda ya koya a kanta ba zai ruɗe ba a ɗakin jarrabawa. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, tana aiki ba intanet, kuma jerin 22, wanda aka gina a kan Ubuntu 24.04, yana samun gyaran tsaro har 2029. Tana tashi da RAM 2GB, ta fi sakewa da 4GB. Aibinta ɗaya: ba a kulle take zuwa ba, ku ne za ku kulle ta.

A sauke fayil ɗin, kusan 3GB ne, a duba lambar SHA256 ɗinsa, mai tabbatar da ya sauka cikakke, domin saukewar da ta yanke a hanya ita ce ke sa ɗorawa ta tsaya a tsakiya. A rubuta shi a filashi da Rufus ko balenaEtcher. Maɓallin zaɓen filashi lokacin kunnawa F12 ne a Dell da ThinkPad, F9 a HP. Shiga BIOS kuma F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In mai ɗorawa bai ga faifan ba sam, a shiga BIOS a mayar da SATA daga RAID zuwa AHCI. Kafin a danna ɗorawa, a gwada sauti, kibod, kyamara da Wi-Fi daga filashin. In Wi-Fi bai fito ba, galibi katin Broadcom ne. A jona wayar salula da kebul a ba kwamfutar intanet ta USB, a buɗe Driver Manager, zai kawo direban. A kuma sa alama a akwatin multimedia codecs, in ba haka ba wasu bidiyoyin darasi ba za su buɗe ba.

Asusun da aka buɗe lokacin ɗorawa shi ne na mai kula, shi ke da ikon sudo, wato ikon ɗora manhaja da canza tsarin. Ba a ba ɗalibi shi, ba a kuma sa shi ya shiga da kansa. Mutum biyu su san kalmar sirrinsa, a rubuta a takarda a rufe a ambulan a ajiye wurin shugaban makaranta. Kwamfutoci da yawa sun zama kayan ado don wanda ya san kalmar ya gama hidimar ƙasa ya koma garinsu.

Ga ɗalibai akwai hanya biyu. Mai sauƙin ita ce shigar baƙo: a buɗe Login Window, a shafin Users a kunna Allow guest sessions. Duk wanda ya shiga a matsayin baƙo zai samu teburi sabo, ba ya iya ɗora manhaja, ba ya ganin fayilolin wasu, kuma da ya fita komai ya goge. In ana so baƙo ya tarar da teburi a shirye, da gumakan da ake so da shafin farko na burauza, a buɗe asusu mai suna guest-prefs, a shirya shi yadda ake so, sannan a haɗa babban fayil ɗinsa na gida da /etc/guest-session/skel. Daga nan kowane baƙo kwafinsa zai samu.

Hanya ta biyu ta fi tsauri, ita ce overlayroot. A ɗora kunshin, a buɗe /etc/overlayroot.conf, a rubuta overlayroot="tmpfs", a sake kunnawa. Daga lokacin faifan ya zama na karantawa kawai, duk abin da aka canza a RAM yake zama, kashewa ɗaya ya share shi. Wannan yana da wani amfani a garin da wuta ke tafiya ba sallama: tunda ba a rubutu a faifan, yankewar wuta ba ta lalata tsarin. Kuɗinsa shi ne RAM. Yaro ya sauke bidiyo mai 1GB a na'ura mai 4GB, sai ta daskare. Kuma sabuntawa ma gogewa take yi, sai mai kula ya shiga ta overlayroot-chroot ya yi ta a can. In ba wanda zai iya wannan a wurin, a tsaya a shigar baƙo.

Ko wacce aka bi, a liƙa takarda a bango da Hausa da Turanci: abin da ba a ajiye a filashi ba ya tafi. Makon farko za a yi kuka, daga baya a saba.

Kulle na sama ba ya da amfani in ƙofar baya a buɗe take. A BIOS a sa faifan ciki ya zama na farko, a hana tashi daga USB, a sa kalmar sirri ta mai kula, wadda Dell ke kira Admin, ThinkPad ke kira Supervisor. A yi hattara da ta ThinkPad, in aka manta ta cire batirin agogo ba ya share ta. Sannan menu na GRUB, mai tayar da Linux, yana da hanyar gyara da ke kai mutum ga cikakken iko. Ana rufe ta da kalmar sirri ta hanyar grub-mkpasswd-pbkdf2, amma a tuna a sa wa layin tashi na kullum alamar --unrestricted, in ba haka ba kowace safiya sai an zo an buga kalmar sirri a kwamfuta goma sha biyar.

Burauza ma ana ɗaure ta. Firefox tana karanta fayil mai suna policies.json a /etc/firefox/policies, inda ake kulle shafin farko, a hana ƙara kari, a rufe about:config. Tace shafukan batsa ya fi sauƙi a rauta: a sa DNS ɗinta 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare. Sai dai a kashe DNSOverHTTPS a cikin wancan fayil ɗin a kulle shi, don in yana kunne burauza tana zagaye tacewar. Ba ta kama komai da komai ba, saboda haka a jera teburan yadda allo zai fuskanci tsakiyar ɗaki.

Abu biyu ƙanana da ke hana gunaguni. A LibreOffice a mayar da ajiya ta kullum zuwa .docx, a ɗora haruffan Carlito da Caladea, waɗanda faɗinsu ɗaya da Calibri da Cambria, don takarda kada ta wargaje in an kai ta shagon bugawa a Terminus. A saitin kibod kuma a ƙara Hausa ta Najeriya, a gwada ɓ, ɗ, ƙ kafin a tashi.

Inda babu intanet ko kaɗan

Endless OS an yi ta ne don irin wannan wurin. Cikinta a kulle yake tun daga gini, tana da saitin iyaye na hana buɗe wasu manhajoji, kuma cikakken nau'inta yana zuwa da kundin sani da darussa a ciki. Girmansa ne matsala, sai filashi mai 32GB da wurin saukewa mai ƙarfi, kuma kayan cikin ba da Hausa suke ba. Tana kuma son RAM fiye da Xfce.

Wata hanyar ita ce a zauna a kan Mint, a mayar da kwamfuta ɗaya rumbu. A ɗora mata Kiwix da fayil ɗin Wikipedia ta Hausa da ta Turanci, da Kolibri mai darussan lissafi da kimiyya, a haɗa kowa da rauta ko da ba data a cikinta. Sauran su buɗe adireshin rumbun a burauza. Wannan ta fi sauƙin kulawa, don wuri ɗaya ake ƙara kaya.

Waɗancan 32-bit da aka ware kuwa, antiX tana tashinsu, amma fuskarta daban ce, kuma intanet ta yau ta fi ƙarfinsu. Sun isa koyon buga kibod. Debian ma ta daina fitar da cikakken nau'in 32-bit daga fitowa ta 13 a 2025. In guda biyu ne cikin ashirin, a cire sassansu masu amfani a ajiye don gyara. Ɗaki ɗaya mai babbar manhaja iri uku ya fi ƙarfin malami ɗaya.

Ɗora ɗaya, kwafa sauran

Ba a zama a yi wannan aikin sau goma sha biyar. A gama kwamfuta ɗaya tsaf, a ba yara biyu masu ƙiriniya ita su yini suna neman ɓata ta, a toshe abin da suka gano, sannan a ɗauki hotonta, wato kwafin faifanta gaba ɗaya, da Clonezilla ko Rescuezilla zuwa faifan waje. A yi uwar a kan faifai mafi ƙanƙanta, domin hoton faifai 250GB ba ya sauka kai tsaye a kan 128GB. A kuma tabbatar duka suna tashi ta hanya ɗaya, ko UEFI ko Legacy, don hoton ɗaya ba ya tashi a ɗayan. Bayan kwafa, a sauya wa kowace suna da hostnamectl ya dace da lambar da aka rubuta a jikinta. Daga yau duk wadda ta rikice, ba a bincike, a mayar mata da hoton.

Sabuntawa a yi ta sau ɗaya a wata, a ranar da aka tabbatar da janareto ko sola. In kowace za ta sauke nata, datar ta ninku sau goma sha biyar, don haka a ɗora apt-cacher-ng a kan rumbun, sauran su bi ta tashar 3142, abu ɗaya a sauke shi sau ɗaya. In wuta ta yanke ana tsakiyar sabuntawa, a buga sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, a zare filogi da kebul ɗin rauta daga bango, don tsawar Filato ta kebul take shigowa, kuma sitabilaiza ba ta tare ta.

In raba su za a yi

Duk kullen da aka lissafa na ɗakin haɗaka ne. Kwamfutar da za a ba ɗaliba ta tafi da ita gida, ko malami, ko mai ƙaramar sana'a, ba a riƙe mata makulli. Ranar da take son haɗa firinta ko ɗora wata manhaja, in ba ta da kalmar sirri, shago za ta kai a goge komai a mayar da Windows ɗin da aka fasa. A menu na farko na filashin Mint akwai zaɓin OEM install. Da shi ake ɗorawa, a sabunta, a sa duk abin da ake so, sannan a danna gumakan shirya ta don mai karɓa. In ta kunna a gida, ita za ta zaɓi sunanta da kalmar sirrinta. Kafin miƙawa a kunna sabuntawa ta kai tsaye a Update Manager, a saita Timeshift ya riƙa ajiye hoton tsarin biyu ko uku kawai don kada ya cinye faifai, a bar BIOS ba kalmar sirri, a haɗa mata da caja mai filogi irin namu mai ƙafa uku da takarda guda mai lambar wanda za ta kira.